Wa ya duba wayoyin wutar ɗakin jarirai?

A daren Laraba, 25 ga Mayun 2022, gobara ta tashi a ɗakin renon jarirai na asibitin Mame Abdou Aziz Sy Dabakh da ke Tivaouane, garin da yake ɗaya daga cikin manyan cibiyoyin Tijjaniyya a Senegal. Jarirai 11 suka rasu, aka ceto uku. Hukumomin garin sun ce wayoyin lantarki ne suka haɗu, ga shi kuwa ɗakin sabo ne, bai daɗe da buɗewa ba. Shugaba Macky Sall ya ayyana makokin kwana uku, kashegari ya sauke ministan lafiya, Abdoulaye Diouf Sarr, wanda gobarar ta same shi yana Geneva wurin taron Hukumar Lafiya ta Duniya. Daga baya aka tsare wasu ma'aikatan jinya da ke bakin aiki a daren.

Abin da ya ƙara wa mutanen Senegal takaici shi ne ba wannan ne karon farko ba. A Afrilun 2021 jarirai huɗu sun mutu a irin wannan gobara a asibitin Linguère, ita ma lantarki aka ɗora wa laifi. A cikin watan ne kuma tukunyar iskar oksijin ta fashe a asibitin Ibn al-Khatib na Bagadaza, mutum 82 suka halaka a ginin da ba shi da na'urar jin hayaƙi, balle ta yayyafa ruwa.

Duk lokacin da irin wannan ta faru, tambayar da ake fara yi ita ce wa yake bakin aiki, saboda amsarta na rubuce a jadawalin ma'aikata da ke manne a bango. Akwai wata tambayar da ta fi ta nauyi: yaushe aka yi wa wayoyin ɗakin dubawar ƙarshe, wa ya duba, me ya gani, kuma wa ya karɓi rahotonsa? A asibitoci da yawa babu inda aka rubuta wannan. In ma an rubuta, yana cikin wani tsohon littafi a durowar injiniyan da ya yi ritaya. Shi ya sa sanda take sauka a kan ungozoma, ita da ba ta ja waya ba, ba ta sa hannu a kwangilar ginin ba.

Wannan giɓi ne manhajar kula da kayan aiki ta zo cikewa, kuma aikinta ba shi da wani siddabaru. Farkonsa ƙidaya: kowace na'ura a asibiti, daga kwalbar renon bakwaini zuwa injin wankin ƙoda, janareto, firjin rigakafi da tukunyar kashe gobara, ana ba ta lamba a manna mata. A ƙarƙashin lambar ake rubuta kamfanin da ya ƙera ta, ranar saye, ɗakin da take, lokacin da garantinta zai ƙare, da duk gyaran da aka taɓa yi mata. Sai a tsara wa kowacce lokacin sabis gwargwadon haɗarin lalacewarta, domin injin taimaka wa numfashi ba ɗaya yake da ma'aunin nauyi ba. Idan lokaci ya yi, manhajar ta fitar da takardar aiki da sunan wanda zai yi. Idan ya wuce ba a yi ba, aikin ya koma ja a allon shugaban sashe, kuma ba zai gushe ba sai wani ya rufe shi da sunansa. Nas ɗin da ta ga soket yana tartsatsi za ta shigar da ƙorafi ta wayarta, ya zauna da rana da sa'a, maimakon saƙon baka da ake ba masinja ya manta a hanya.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ɗauki abin da muhimmanci har ta ware masa littafi guda a jerin littattafan kula da na'urorin asibiti da ta fitar a 2011. Amma inda manhajar ta fi kafuwa shi ne Amurka, kuma ba don asibitocin can sun fi kowa tsoron Allah ba ne. Dalilin kuɗi ne. Asibitin da bai cika sharuɗɗa ba yana iya rasa kuɗin inshorar gwamnati na Medicare da Medicaid, wanda shi ne jinin jikin yawancinsu. Hukumar Joint Commission, wadda aka kafa a 1951, tana tura masu bincike ba tare da sanarwa ba, kusan duk shekara uku. Ƙa'idojin kuma filla-filla suke: a tayar da janareton gaggawa duk wata ya yi minti 30 ɗauke da lodi, duk wata 36 a yi masa doguwar jarrabawa ta awa huɗu, kuma idan wuta ta ɗauke ya dawo da ita cikin daƙiƙa 10. Tukunyar kashe gobara a leƙa ta duk wata, a yi mata cikakken sabis duk shekara. Asibitin da ke da na'urori dubbai ba zai iya riƙe wannan lissafi a ka ba, mai bincike kuma ba ya karɓar "wallahi mun yi". Takarda yake nema, mai kwanan wata.

Sai dai cika takarda ba ya nufin an tsira. A ƙarshen Oktoban 2012, da guguwar Sandy ta afka wa birnin New York, asibitin NYU Langone yana da janaretoci a saman bene, amma tankin mai da abin da ke tura man suna ƙarƙashin ƙasa. Ruwa ya shiga, wuta ta mutu, aka sauko da marasa lafiya wajen 300 ta matakala cikin duhu, har da jarirai da ake matsa musu iska da hannu. A maƙwabcinsa, asibitin Bellevue, mutane suka yi layi suna miƙa mai hannu da hannu har hawa na 13. Gwajin wata-wata yana tabbatar da cewa inji yana tashi, ba ya tambayar ko tankin yana wurin da ya dace. Manhaja abin da aka gaya mata ta tuna take tunawa. Tunanin abin da ya kamata a ji tsoro kuwa aikin mutum ne.

A ƙasashe masu tasowa matsalar ta fi haka sauƙin gani. An daɗe ana yawo da maganar cewa kashi 70 cikin ɗari na kayan asibitocinmu ba sa aiki. A 2011 Lora Perry da Robert Malkin na Jami'ar Duke suka bi rajistar na'urori 112,040 a ƙasashe 16, suka tarar kimanin kashi 38 ne suke ajiye. Adadin ya gaza wanda ake faɗa, amma na'ura huɗu cikin goma ba ƙaramar asara ba ce. Dalilan da suka gano su ne ƙarancin horo, rashin tsarin kula da kayan, da raunin abubuwa irin su wuta da ruwa. Duk wanda ya taɓa leƙa sito ko bayan ɗakin tiyata na babban asibiti a Nijeriya ya san wannan maƙabarta: injin da aka kawo kyauta ba littafin bayani, wanda aka ƙera don wutar bolt 110 aka jona shi a 230, wanda batir kawai yake so amma ba wanda ya san lambarsa. Mai ba da kyauta ya ɗauki hoto ya tafi, ɗan siyasa ya yanke ƙyalle, injiniyan asibiti kuma ba a gayyace shi ba ko ranar sauke kaya.

Ta fuskar doka, Nijeriya ba ta rasa ba. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta wajabta wa kowace cibiyar lafiya mallakar takardar shaidar cika ƙa'ida. Hukumar NNRA ce ke ba da lasisin na'urorin ɗaukar hoto da na gashin daji, NAFDAC ke rajistar kayan da ake shigowa da su. Legas tana da hukumar sa ido kan asibitoci ta HEFAMAA tun 2006, Kano tana da PHIMA mai sa ido kan asibitoci masu zaman kansu. A Afrilun 2022 Shugaba Buhari ya sa hannu a Umarnin Zartarwa na 11 kan kula da gine-ginen gwamnati. Abin da nake ganin ya rage shi ne irin tambayar da sufeto yake yi idan ya zo. Muddin lasisi a bango da yawan gadaje kawai zai duba, babu shugaban asibitin da zai ɓata kuɗinsa a rajistar sabis. Ranar da ya fara cewa a nuna masa tarihin janareto na wata 12 da sakamakon gwajin tukunyar dafa kayan tiyata, ko ta kai digiri 121 ko 134 da ake buƙata, ranar ce rajistar za ta samu mai ita.

Akwai kuma maganar da masu sayar da manhaja ba sa son a tayar. Ana yi wa kwamfuta ƙarya kamar yadda ake yi wa takarda. Firjin rigakafi ana so ya tsaya tsakanin digiri 2 da 8, a duba shi safe da yamma. Idan ka ga jadawalin da ya nuna 5 kullum, wata guda cur, har da ranakun da unguwar ba wuta, ka san a zaune ɗaya aka cike shi. Mai yin haka da biro zai yi da waya. Maganinsa shi ne a rage abin da ake karɓa daga baki: ma'aunin da ke aika zafin firji da kansa, lambar jikin inji da sai an je gabansa za a ɗauke ta, hoton mitar awannin janareto. Sannan shugaba ya daina hukunta wanda allonsa ya yi ja. Sashen da ya nuna ayyuka 40 da ba a yi ba saboda babu kayan gyara ya fi wanda komai nasa kore ne gaskiya, kuma shi ya kamata a fara ba kuɗi.

Ba sai an sayo babbar manhaja irin IBM Maximo ba kafin a fara. Asibitin ƙaramar hukuma mai na'urori ɗari biyu zai iya farawa da jadawali a kwamfuta ɗaya, ko manhajar waya da ke aiki ko babu intanet, in dai akwai mutum ɗaya da aka ce aikinsa ke nan. Wahalar tana cikin makonnin farko, lokacin zagaya ɗaki-ɗaki ana ƙirga kaya, domin a nan ake gano injin da ke takarda amma ba ya ɗaki, da wanda aka biya kuɗin sabis ɗinsa alhali ya shekara uku a mace. Shi ya sa wani lokaci masu adawa da ƙidayar suna cikin gida.

Bayan ƙidaya, wuri na biyu da za a iya kamawa shi ne takardar kwangila. Kada a karɓi na'ura, saye ko kyauta, sai da littafinta, da horon mai gyara, da jerin kayan gyaran da za ta ci a shekarun farko, kuma a shigar da ita rajista kafin a jona ta da wuta. Haka sabon gini: injiniyan lantarki wanda ba na ɗan kwangila ba ya gwada wayoyin da lodin da ɗakin zai ɗauka, kwalabe da na'urorin sanyaya ɗaki da injinan oksijin duk a kunne, ya sa hannu, a rubuta ranar gwaji na gaba, sannan a kwantar da jariri na farko.