Likitar Haƙoran Yara

Uwargida, sau nawa kika ji an ce a ƙyale haƙorin yaro ya ruɓe, ai zai yi famfara? Wannan kuskure ne. Haƙoran farko guda 20 su ke riƙe wa na dindindin gurbi. In an cire ɗaya kafin lokacinsa, na bayansa yakan fito a karkace. Turmin da ke tsirowa a shekara 6 kuwa ba ya famfara, in ya tafi ya tafi ke nan.

Shi ya sa ake horar da likitoci musamman domin bakin yara. A Nijeriya, bayan shekara 6 a jami'a, da shekarar gwajin aiki, da ta bautar ƙasa, likita takan koma asibitin koyarwa ta ƙara wasu shekaru. A can za ta ƙware wajen cike kogo, da gyaran haƙorin da ya karye, da lallashin yaro mai tsoro.

Ke 'yar makaranta, ki riƙe darussan kimiyya da kyau. Ke kuma uwargida, kada nisan hanyar ya sa ki cire ta daga makaranta. Jikokinki na bukatarta.