Wando a Kan Takalmi Ko a Cikinsa: Abin da Mahayin Babur Zai Duba Kafin Ya Sauka Daga Kwalta

Duk wanda ya tsaya inda 'yan kabu-kabu ke jiran fasinja a Shinkafi ranar Alhamis, ranar da kasuwa ke ci, ya bar kallon fuskoki ya koma kan ƙafafu, zai gane irin hanyar da kowa ya biyo. Wannan ƙafar wandonsa ta yi jawur da ƙurar marmara. Wancan ƙarangiya ta yi masa ado tun daga idon sawu har gwiwa. Na uku ya naɗe wando saboda ya ratso ruwa, ga kuma wani tabo mai sheƙi a sharaɓarsa ta dama, faɗinsa kamar bakin kofin shayi. Ba sai an tambaye shi ba. Aikin salansa ne.

Kwalta a wannan yanki ba ta da yawa. Babbar hanya ta taso daga Gusau ta iso Ƙaura Namoda, daga nan wata ta miƙe Shinkafi ta Moriki har zuwa Isa, wata ta nufi Zurmi ta wuce Jibiya. Abin da ya saura burtali ne, da yashi, da laka, da mashigan ruwa na gulbin Gagare da na Bunsuru da ƙoramun da ke zuba a cikinsu. Lokacin da layin dogo ya iso Ƙaura Namoda a 1929 ya tsaya a nan, jakuna da raƙuma ne ke kwaso gyaɗa da auduga daga ƙauyuka su kawo tasha. Yau babur ne ya gaji wannan aiki. Boxer ta kamfanin Bajaj, da Honda, da Jincheng, su ke ɗauko buhun gero, da mai naƙuda, da malamin makaranta, da jarkokin mai.

An daɗe ana maganar kan mahayi. Tun watan Janairun 2009, lokacin da Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa ta matsa a kan hular kwano, har wasu 'yan acaɓa suka riƙa kifa ƙwarya a ka don su kauce wa kamu, kowa ya san zancen. Ƙafa ce ba a cika tunawa da ita ba, alhali ita ce ke tsakanin inji mai zafi da ƙayar bakin hanya, ita ce kuma mahayi ke fara kai wa ƙasa idan yashi ya kwashe tayar gaba.

Iri biyu, aiki biyu

A ƙasashen da hawan babur a jeji ya zama wasa da sana'a, masu ɗinka kayan mahaya sun raba wando gida biyu. Na farko shi ne mai tsukakkiyar ƙafa, wanda ake cusa shi cikin dogon takalmi a ɗaure. Shi 'yan tseren fili ke sawa, waɗanda ke zagaya da'ira mai tudu da kwari na ɗan gajeren lokaci. Ba shi da nauyi, ba shi da aljihu, babu kuma wani leɓe da zai maƙale a jikin babur.

Na biyu shi ne wanda ƙafarsa ke sauka a kan takalmi ta rufe bakinsa. Wannan na masu doguwar tafiya ne, waɗanda za su wuni a hanya, su ratsa ruwa, su sauka su tura, su shiga gari su ci abinci. Irin wannan tafiya ce gasar Dakar ta yi suna da ita. An fara ta daga birnin Faris ranar 26 ga Disamba, 1978, ta ratso Aljeriya ta biyo ta Agadas da Yamai, ta ƙare a Dakar a watan Janairun 1979, kuma wani Bafaranshe, Cyril Neveu, ne ya zo na ɗaya a kan Yamaha XT500. Har yau kamfanin Klim na Amurka yana sayar da wando mai suna Dakar, kuma yana yin sa iri biyun nan: na kan takalmi da na cikin takalmi.

Dalilin bambancin a bayyane yake. Bakin dogon takalmi kamar mazurari ne. Idan wando yana ciki, duk ruwan da ya gangaro daga cinya cikin takalmin zai zube, haka ma yashi da tsakuwa da tsidau. Mutumin da ya ratsa mashigi da safe a watan Agusta zai wuni ƙafarsa na jiƙe, kafin yamma tsakanin yatsunsa ya yi fari ya fara ci. Idan kuwa wando ya rufe bakin takalmi, ruwan sama da feshin taya sai su gangare ta waje. Ga kuma iska tana ɗan shiga ta ƙasa, abin da ba ƙaramin sauƙi ba ne a watan Afrilu, lokacin da zafi ke wuce digiri 40.

Sai dai wandon kan takalmi yana da nasa haɗarin, kuma duk ɗan kabu-kabu ya san shi. Ƙafar wando mai faɗi tana kama kik, tana kama matakin ƙafa, tana shiga tsakanin sarƙa da haƙoranta idan an cire murfin sarƙar, kamar yadda ake yawan yi. Mahayi ya zo tsayawa, ya miƙa ƙafa, wando ya riƙe ta, sai ga shi a ƙasa da babur da buhu a kansa. Saboda haka ne masu ɗinka irin wannan wando ke sa zif ko maɗauri a ƙasan ƙafar, a buɗe a zura takalmi, sannan a tsuke.

Mahayan doki sun riga kowa

Wannan matsala ba baƙuwa ba ce a ƙasar Hausa. Wanda ya taɓa kallon hawan salla a Ƙaura Namoda ko a Zurmi ya ga wandon kamun ƙafa: sama buje, mai yalwar hantsa yadda mahayi zai buɗe ƙafa a kan sirdi ba tare da ɗinki ya fashe ba, ƙasa kuma a tsuke, an ƙarfafa shi da aikin zare don kada ya kama likkafa. Tun kafin babur ya zo, maɗinkan sarakuna sun gane cewa wandon hawa yana son yalwa a cinya da gwiwa, da tsuka a idon sawu. Wandon jamfa na yau ya juya lamarin: hantsa a matse, ƙafa a sake tana lilo, yadin kuma sirara. Da shi da silifas mafi yawan mahaya ke fita.

Yadi kafin ado

Abu na farko da mai saye zai duba shi ne abin da aka saƙa yadin da shi, domin salansa ba ta da sabo. A yawancin baburan da ake hawa a nan tana ɓangaren dama, tare da birkin ƙafa da kik, kuma wuyanta da ke fitowa daga inji yana yin zafin da ya wuce digiri 250 nesa ba kusa ba. A wajen digiri 250 ɗin ne yadin roba, wato nailan da foliyesta, ke narkewa. Idan ya narke kuma, mannewa yake yi a fata, ya mayar da ƙaramar ƙuna babba. Auduga tana babbakewa amma ba ta narkewa. Fata ta fi su duka juriya.

Wandunan waje masu kyau yawanci da nailan mai kauri ake yin su, irin wanda ake kira Cordura, saboda yana jure gurzar ƙasa da yagar ƙaya. Amma masu yin su sun san rauninsa, shi ya sa suke ɗinka fata a cikin gwiwa da sharaɓa, daidai inda ƙafa ke taɓa inji. Wandon roba da ba shi da wannan fata, komai kyansa a ido, bai dace da babur ba. A jikin wasu za a ga lamba kamar 500D ko 600D ko 1000D. Kaurin zare take nufi, kuma yadda lambar ta ƙaru haka ƙarfi da nauyi da zafi suke ƙaruwa.

Wanda ya ci karo da irinsu a dilar gwanjo, ya juya ciki ya nemi takardar da aka ɗinka. Ƙa'idar Turai ta kayan mahaya, mai lamba EN 17092, tana ba da daraja AAA ga mafi ƙarfi, sai AA, sai A. Matashin gwiwa kuma yana da tasa lambar, EN 1621-1, mai mataki na 1 da na 2, na biyun ya fi shanye bugu. Idan aljihun matashin yana nan amma babu matashin, rabin amfanin wandon ya tafi.

Akwai kuma gwajin da babu shi a kowace takarda, shi ne na ƙarangiya. Yadi mai gashi-gashi ko mai saƙa a buɗe yana kwashe ta kamar da gayya, daga ƙarshen damina har cikin kaka. Yadi mai santsi da matsattsiyar saƙa, kaɗan take kamawa, kuma da an kakkaɓe ta zube.

Abin da tela da baduku za su iya

Kuɗin sabon wandon waje ya fi ƙarfin mutumin da ke lissafin kowace litar mai tun bayan cire tallafi a watan Mayun 2023. Amma dabarar da ke cikinsa ba ta fi ƙarfin telan Ƙaura ba. Jins mai kauri na auduga, ko yadin kakin ma'aikata, ko irin zanen tanti mai laushi, duk za su yi. A ninka yadin biyu a gwiwa da mazaunai. A kai wa baduku ya ɗinka fatar akuya ko ta saniya a cikin ƙafar dama, daga ƙasan gwiwa zuwa idon sawu. A sa maɗauri ko maɓalli biyu a bakin ƙafa. Aljihu kuma ya kasance a cinya, mai murfi, domin na baya ana zama a kansa, na gefe kuma yana zubar da waya a gargada.

Awo shi ne inda aka fi yin kuskure. Tela ya saba auna mutum a tsaye, shi kuwa mahayi a zaune yake wuni, gwiwa a lanƙwashe. Wandon da ya yi daidai a tsaye, da an hau babur sai ya janye sama ya bar idon sawu a fili, ƙugunsa kuma ya zame ta baya. Saboda haka a je wurin awo da takalmin da za a riƙa sawa, a zauna a kan babur ɗin kansa, a ɗora ƙafa a mataki. A nan bakin wando ya kamata ya rufe wuyan takalmi da kamar faɗin tafin hannu, amma idan an sauka kada ya ja ƙasa. Bayan ƙugu ya fi gaba tsawo. Tazuge yana sassautawa idan an daɗe ana jijjiga, bel ya fi shi riƙo.

Wando kuma ba ya aiki shi kaɗai. Mai rufe takalmi yana bukatar takalmin da zai rufe. Dogon takalmin roba na manoma yana tare ruwa da laka, yana kuma rage haɗarin saran kububuwa ga wanda ya sauka cikin ciyawa da magariba, amma yana tara gumi, yana santsi a kan birki, kuma shi ma roba ne a gaban salansa. Takalmin fata mai wuya, irin na ma'aikatan gini, ya fi dacewa da rani da hunturu. Igiyarsa ce abin lura, a cusa ta ciki, wando ya rufe.

Launin da ba a sawa

Akwai wani sharaɗi da mahayin Turai bai san da shi ba, amma a arewacin Zamfara ya fi duk sauran nauyi. Da yawa daga cikin wanduna masu ƙarfi da ke zuwa a gwanjo masu dabbare-dabbaren kakin soja ne, ko kore mai duhu, da manyan aljihu a cinya. Doka ta hana farar hula sa kayan soja. Ban da doka ma, 'yan bindiga sun sha fitowa cikin irin wannan shiga, a kan irin waɗannan babura.

Babur kansa ya daɗe da zama abin zargi a yankin. A watan Mayun 2019 rundunar soja ta hana hawansa a dazuzzukan jihohi bakwai, har da Zamfara. A Satumbar 2021 gwamnatin jihar ta taƙaita zirga-zirgarsa, a daidai lokacin da aka katse layukan waya aka kuma rufe kasuwannin mako. Tun Janairun 2024 ga Askarawan Zamfara, dakarun tsaron gwamnatin jihar, a bakin aiki, ga shingayen sojoji da na 'yan sanda. Mutumin da ya ɓullo daga burtali da dogon baƙin takalmi, wando mai kama da na soja a cuse a ciki, fuska a naɗe saboda ƙura, zai iya sa mata su watsar da tulu su ruga, ko kuma wanda ke kan shinge ya gyara riƙon bindiga.

A nan wandon kan takalmi ya sami wata fa'idar da masu ƙirƙirarsa ba su yi tunaninta ba. Yana ɓoye wuyan takalmi, mahayi ya fito kamar kowane ɗan kasuwa. Shuɗi irin na jins, ko ruwan toka, ko ruwan ƙasa mai haske ba tare da zane ba, su suka fi kwanciyar hankali. Masu haske kuma ba sa ɗaukar zafin rana kamar baƙi.

Fasinja ma yana da nasa kason. Sau da yawa shi salansa ta fi ƙonawa, domin bai san inda take ba, ya sauka ta dama. Mata kuma, gefen zane da na hijabi suna iya shiga tayar baya. Ɗan kabu-kabun da ya san aikinsa ba ya tayar da mashin sai ya waiga ya ce wa hajiya ta tattara mayafinta, ya kuma tuna wa baba ya sauka ta hagu.

Da damina, wandon auduga mai kauri yana shan ruwa kuma yana jinkirin bushewa, don haka masu doguwar hanya kan ajiye wandon leda a ƙarƙashin kujera, su ɗora a sama idan hadari ya haɗo, su cire da an ɗauke. Fatar da aka ɗinka a ƙafa tana son a shafa mata ɗan man shanu ko man kaɗe bayan ta jiƙe, a shanya a inuwa, kada ta bushe ta tsage. Zif kuwa ƙurar hunturu ce ke kashe shi. Tsohon buroshin haƙori da guntun kyandir sun isa su kai shi wata daminar.