Filin Jirgin Saman Zariya: Tarihinsa da Yadda Ake Gudanar da Shi

Gabatarwa

Duk wanda ya saba bin hanyar da ta tashi daga Sabon Garin Zariya zuwa Samaru, ba zai rasa ganin waɗansu ƙananan jiragen sama suna shawagi a daidai Palladan ba. Sukan tashi, su kewaya, su sauko kamar za su tsaya, sa'an nan su sake ɗagawa. Baƙo yakan ɗauka wasa ake yi, alhali kuwa karatu ne. Manufar wannan maƙala ita ce a bayyana asalin wannan fili, da irin aikin da ake yi a cikinsa, da kuma matsalolin da ke fuskantarsa.

Filayen jiragen sama iri-iri ne. Akwai manya irin na Kano da Ikko, inda kamfanoni ke jigilar fasinja bisa tsararren lokaci. Akwai na soja. Akwai kuma ƙanana waɗanda ba su dogara da sayar da tikiti ba, watau inda ake koyon tuƙi, kuma jiragen gwamnati da na masu hali su sauka idan bukata ta kama. Filin Zariya yana cikin wannan kashi na uku.

Taƙaitaccen Tarihi

A watan Nuwamba na 1925 ne waɗansu jirage 3 na sojan saman Ingila, waɗanda suka taso daga Masar, suka sauka a Kano. A 1936 kuma aka fara jigila ta sosai tsakanin Kano da Hartum. To amma har zuwa samun mulkin kai a 1960, galibin matuƙa da injiniyoyi da masu ba jirage umurni Turawa ne. Ƙasar da ta mallaki kamfanin jiragen sama tun 1958, amma ba ta da wurin horar da 'ya'yanta, tamkar mai doki ne da ke aron linzami.

Wannan giɓi ne ya sa aka kafa cibiyar koyar da aikin jiragen sama a Zariya, bisa Doka ta 31 ta 1964. Hannu uku ne suka haɗu a kan aikin: Gwamnatin Tarayya, da Shirin Raya Ƙasashe na Majalisar Ɗinkin Duniya, da Ƙungiyar Sufurin Jiragen Sama ta Duniya, wadda aka fi sani da ICAO. Haɗin gwiwar ya ƙare a ƙarshen 1974, gwamnati ta ɗauki nauyin cibiyar baki ɗaya. Daga baya aka sauya mata suna ta koma Kwalejin Fasahar Jiragen Sama ta Nijeriya. Cikin waɗanda suka yi karatu a nan har da Kyaftin Chinyere Kalu, mace ta farko a Nijeriya da ta zama matuƙiyar jirgin kasuwanci, wadda kuma ta dawo ta shugabanci kwalejin daga 2011 zuwa 2014.

Fasalin Filin

Titin jirgi ɗaya tak ke akwai, shimfiɗe da kwalta, tsawonsa ya ɗan haura mita 1,600. Ya miƙe ne daga arewa maso gabas zuwa kudu maso yamma, kuma ba a banza aka yi haka ba. Jirgi yakan fuskanci iska ne wajen tashi da wajen sauka, domin iskar da ke bugun fukafukansa ita ke ɗaga shi, ita kuma ke rage masa gudu a ƙasa. A ƙasar Hausa kuwa iskar hunturu daga arewa maso gabas take busowa, ta damina kuma daga kudu maso yamma. Ashe ke nan abin da manomi ya daɗe da sani shi ne injiniya ya bi ya ja layinsa.

A kowane bakin titin jirgi akan rubuta lamba biyu manya-manya. Lambar tana nuna inda titin ya dosa a kan kamfas, bayan an raba da 10. Alal misali, titin da ya dubi gabas sak, watau digiri 90, sai a rubuta masa 09, ɗaya bakin kuma 27. Bayan titin akwai hasumiyar masu ba da umurni, da rumfunan ajiye jirage da gyaransu, da ma'ajiyar mai, da wurin auna yanayi, da motocin 'yan kwana-kwana waɗanda tilas su kasance cikin shiri muddin akwai jirgi a sama.

Yadda Ake Aiki

Kafin ɗalibi ya taɓa makunnin inji, sai ya karɓi rahoton yanayi, ya kewaya jirgin yana duba tayoyi da fukafukai da farfela, ya ɗebi ɗan mai ya tabbatar ba ruwa a ciki. Daga nan sai ya kira hasumiya ta rediyo. Ba ya motsawa, ba ya hawa titi, ba ya tashi, sai da izini. Da Ingilishi ake wannan magana, cikin ƙayyadaddun kalmomi, kuma wajibi ne matuƙi ya maimaita muhimmin umurnin da aka ba shi don a tabbatar kunne bai yi kuskure ba.

Shawagin nan da masu wucewa ke gani shi ne ginshiƙin koyo. Ɗalibi yakan tashi, ya hau kimanin ƙafa 1,000 daga ƙasa, ya yi kewaye mai kusurwa huɗu, ya sauko ya taɓa titi, ya ƙara wuta ya sake tashi. Dalili kuwa shi ne, tashi da sauka su ne wuraren da suka fi hatsari, kuma maimaici ne kaɗai ke sa hannu ya faɗa. Ranar da malami ya gamsu, sai ya fita daga jirgin ya bar ɗalibi ya kewayo shi kaɗai. A ƙa'idar ICAO, mai neman lasin tuƙin kansa yana bukatar aƙalla awa 40 a sama. Mai neman lasin kasuwanci kuwa awa 200, ko 150 idan a amintacciyar makaranta ya yi kwas ɗinsa.

Har ila yau, ba matuƙa kaɗai ake horarwa ba. Akwai masu koyon gyaran jirage, da masu koyon kula da zirga-zirgarsu, da masu koyon gyaran na'urorin sadarwa. Amfanin ƙaramin fili ke nan: ɗalibi yana iya yin kuskurensa a gyara masa, ba tare da wani babban jirgi cike da fasinja yana jira a bayansa ba.

Matsaloli

Matsala ta farko ita ce yanayi. Sabon ɗalibi da ido yake tuƙi, kuma ƙa'ida ta nemi ya iya hangen nisan kilomita 5. Idan hazo ya sauka tsakanin Disamba da Fabrairu, akan yi kwanaki jirage na daskare a ƙasa. Da bazara kuma zafi yakan sa iska ta yi sakayau, ga shi Zariya tana bisa tudu, fiye da mita 600 daga doron teku, saboda haka jirgi yakan ci titi da yawa kafin ya ɗaga. Da damina sai hadari.

Ta biyu ita ce mai. Tsofaffin jiragen koyo irin su Tampico da wani fetur na musamman suke aiki, mai tsada da wuyar samu. Wannan na daga cikin dalilan da suka sa kwalejin ta koma sayen jiragen Diamond, masu shan kananzir irin na manyan jirage.

Ta uku, wadda ta fi sarƙaƙiya, ita ce ƙasa. Lokacin da aka kafa cibiyar, gonaki da fili ne suka fi yawa a kewayen wurin. Yau gari ya cim masa. Dogon gini a bakin titin jirgi tarko ne, bola kuma tana gayyato shirwa da ungulu, tsuntsu ɗaya kuwa ya isa ya lalata inji. Rikicin iyaka ya kai ga rushe gidaje da dama a unguwar Graceland a 2021, abin da ya jefa iyalai cikin wahala.

Kammalawa

Daga abin da ya gabata za a fahimci cewa girman fili ba shi ne ma'aunin amfaninsa ba. Da yawa daga cikin waɗanda ke tuƙa jirage a sararin Nijeriya, da waɗanda ke ba su umurni daga hasumiyoyin Kano da Abuja da Ikko, a Palladan suka fara. Ɗorewar wannan aiki ta rataya ne a kan abu biyu: a ci gaba da ɗaukar nauyin jirage da malamai, a kuma shata iyakar filin a fili tun kafin talaka ya zuba guminsa a kan fulotin da wata rana za a ce ya tashi.