Maganin Ciwon Ƙodar Yara da Batun Haihuwa Idan An Girma

Yau zan yi magana ne a kan wani magani da ake bai wa yara masu ciwon ƙoda, wanda tasirinsa kan ɓoye sai bayan shekara ashirin, lokacin da yaron ya zama magidanci.

Bari mu fara da ciwon. Akwai wanda likitoci ke kira nefrotik. Matatar ƙoda ce ke yoyo, sai sinadarin furotin ya riƙa zubewa cikin fitsari. Yaro ya wayi gari idanu a kumbure, ƙafafu da ciki su cika da ruwa, fitsari na kumfa. Maganin farko shi ne firednisolon, kuma yawancin yara suna samun sauƙi da shi. Matsalar ita ce wasu da an rage maganin sai kumburin ya dawo, an rage ya dawo. Shi kuma firednisolon idan aka daɗe ana sha yana hana yaro tsawo, ya sa ƙiba da hawan jini, ya raunana ƙashi.

To a nan ne likita kan kawo saikulofosfamaid, wanda ake sayarwa da sunan Endoxan. Asalinsa maganin cutar daji ne. Aikinsa shi ne kashe ƙwayoyin halitta masu saurin hayayyafa, shi ya sa yake kwantar da garkuwar jikin da ke jawo yoyon. Sai dai fa ba ya tantancewa. Ƙwayoyin da ke ƙera maniyyi a maraina su ma ba sa hutawa da hayayyafa, don haka yana iya taɓa su.

Abin da nake so ku riƙe shi ne: haɗarin yana bin jimillar abin da yaro ya sha ne tun daga farko har ƙarshe. A shekarun 1960 da 1970 an riƙa ba da shi na tsawon watanni da yawa, daga baya aka tarar wasu daga cikin yaran sun girma maniyyinsu babu ƙwayoyin haihuwa. Shi ya sa yanzu aka sa iyaka: miligiram 2 a kan kowane kilo na nauyin yaro a kullum, na mako 12, jimilla miligiram 168 a kan kowane kilo. Yaro mai kilo 20 ke nan zai sha miligiram 40 a rana, kwana 84, a tsaya. A wannan adadi haɗarin kaɗan ne, kuma ana gudun a maimaita zagaye na biyu.

Maza sun fi mata shiga haɗari, kuma wanda ya balaga ya fi ƙaramin yaro. Yarinyar da ta sha kafin balaga, galibi al'adarta na zuwa daidai, ta yi ciki ta haihu. Sai in adadin ya yi yawa ne ake fargabar al'ada ta ɗauke mata da wuri.

Ga inda abin yake da ruɗarwa. Ƙwayoyin da ke samar da sinadarin mazantaka sun fi juriya. Wato saurayi zai yi gemu, murya ta buɗe, ƙarfinsa na iyali lafiya lau, amma ƙwayoyin haihuwar sun yi ƙaranci. Ido ba ya gani, sai gwajin maniyyi. Mu kuwa kun san halinmu, in haihuwa ta yi jinkiri matar ake kallo, a yi ta ɗirka mata jiƙe-jiƙe, har a fara zancen kishiya.

Don haka ɗan'uwa, in ka yi ciwon kumburi kana yaro, tambayi iyayenka wane magani aka ba ka, na wata nawa. In kun shekara da aure babu ciki, ku je asibiti tare, a fara da kai. Ko an ga ƙaranci kada ka yanke ƙauna, akwai waɗanda ƙwayoyinsu suka farfaɗo bayan shekaru.

Iyaye kuma, kada tsoro ya sa ku dakatar da maganin da kanku, ciwon ma yana kisa. Ku tambayi likita jimillar adadin, a rubuta muku, ku adana takardar. In yaron ya kusa balaga, ku tambaya ko akwai madadi irin su lebamisol ko takrolimus.

Nan za mu dakata. Allah Ya bai wa marasa lafiyarmu lafiya, sai mun haɗu a shiri na gaba.