An Rage Tumbi, Ina Batun Zaƙi?

Maganganu biyu ne suke karo da juna duk inda aka tayar da zancen tiyatar rage ƙiba, ko a majalisar unguwar Kusugu ne bayan la'asar, ko a zauren WhatsApp na matan dangi. Ta farko cewa take wanda aka yi wa wannan aiki ya yi bankwana da zaƙi har abada, in ya kuskura ya lasa sukari ɗinkin cikinsa zai warware, a ƙarshe ma a rasa shi. Ta biyu kuwa cewa take ai shi ya huta, tunda an rage masa tumbi sai ya ci abin da ransa ke so, ƙiba ba ta da hanyar dawowa. Babu wadda ta faɗi daidai a cikinsu, amma ta biyun ta fi ɓarna, don ita ce mai daɗin ji.

Da yake aikin bai yawaita a ƙasar Daura ba, mutane kan haɗa shi da zuƙe kitse, alhali ba hanyarsu ɗaya ba. Zuƙe kitse gyaran sura ne, ba ya taɓa tumbi. Tiyatar rage ƙiba kuwa hanyar abinci ake sauyawa, kuma iri biyu aka fi yi. Akwai wanda ake yanke wajen kashi 75 zuwa 80 cikin 100 na tumbin a fitar, a bar ɗan siririn bututu. Akwai kuma na karkatar da hanya, wanda likita Edward Mason ya fara a jami'ar Iowa ta Amurka a shekarun 1960: a keɓe ɗan aljihu a saman tumbi wanda bai wuce cin milimita 30 ba, a jona shi kai tsaye da ƙaramin hanji, abinci ya tsallake sauran tumbin gaba ɗaya. Mafi yawan mutanenmu da aka yi wa, a Masar ne ko Indiya ko Turkiyya, ko a asibitin kuɗi a Legas da Abuja. Suna dawowa gida, likitan da ya yi aikin ya yi nisa, sai shawarar 'yan dubiya ta maye gurbinsa.

Batun warwarewar ɗinki ba shi da tushe. Sukari ba ya narkar da zare, ba ya kuma ɓalle ƙananan ƙarafan da ake haɗe tumbi da su. Abin da ke sa a tsare mutum a kan ruwa-ruwa da abinci mai laushi a makonnin farko shi ne kada a cika wurin ko a takura shi kafin ya warke. Sai dai jita-jitar ba daga sama ta faɗo ba. Akwai abin da 'yan uwa suke gani da idonsu har su tsorata.

A ƙarshen tumbin kowa akwai wata 'yar ƙofa da take sakin abinci zuwa hanji kaɗan-kaɗan. Wanda aka karkatar wa hanya, abincinsa ba ya bi ta wannan ƙofa. In ya sha abu mai zaƙi sosai, sai ya zube cikin hanji a lokaci guda, sukarin ya janyo ruwa daga jijiyoyin jini zuwa cikin hanjin. Minti 10 zuwa 30 sai ka ga zufa ta keto masa, zuciya tana bugawa da sauri, jiri, tashin zuciya, ciki yana murɗa, wani har da gudawa, ba abin da yake so sai ya kwanta. Wannan shi ne kashi na farko. Akwai wahala, amma yawanci yakan wuce da kansa. Kashi na biyu shi ya fi buƙatar a sa ido. Shi sai bayan awa 1 zuwa 3 yake zuwa. Sukarin ya shiga jini da gudu, jiki ya saki sinadarin insulin fiye da kima, sai sukarin jini ya faɗi ƙasa warwas: rawar jiki, gumi mai sanyi, ruɗewa, gani dishi-dishi, wani har ya suma. A gida sai a ce hawan jini ne, wata gwaggo ta ce a kira malam. In kuwa a kan babur abin ya same shi, ko yana tuƙi a hanyar Kano, kowa ya san abin da zai iya biyo baya.

Abin mamaki, a wannan hali sukarin da aka ce guba ne shi ne agajin gaggawa. In mutum yana cikin hayyacinsa, ana ba shi kimanin giram 15, wato ƙwaya uku na sukari mai ƙwaya, in ya farfaɗo a bi shi da dafaffen ƙwai ko gyaɗa don kada ya sake faɗuwa. Kada a ɗura masa kwalbar lemo guda, don komawa farkon zagayen zai yi. Wanda ya suma ba a ba shi komai ta baki, asibiti za a nufa da shi.

Ba kowa wannan matsala take kamawa ba. Ta fi yawa ga waɗanda aka karkatar wa hanya, tana da sauƙi ga waɗanda aka yanke wa tumbi, wasu kuma tana raguwa da tafiyar lokaci. Daga nan magana ta biyu take samun gindin zama. Mutum ya gwada rabin kofin zoɓo bai ji komai ba, gobe ya sha cikakke, jibi ya ce ai shi zaƙi ba ya yi masa komai.

Tumbin da aka rage tamkar mazurari ne: zuba masa tsaki ya tsaya, zuba masa ruwa ya wuce. Nama loma uku zai ƙosar da mai wannan aiki, amma kunu da lemo da shayi ba sa zama balle su ƙosar. Mu kuwa a ƙasar Hausa sukarinmu sha muke yi fiye da taunawa. Tsaya gaban mai shayi ka kalli hannunsa: madarar gwangwani, Milo ko Bournvita waɗanda da ma da zaƙinsu suka zo, sannan cokali ya nitse cikin robar sukari ya fito da tozo, sau uku, sau huɗu, in ba ka ce ya isa ba ya ƙara. Mai fura ma ba ta tambayar ko a sa, sai dai na nawa. Robar Coca-Cola mai rabin lita tana ɗauke da wajen giram 50 na sukari, sama da ƙaramin cokali 12. A 2015 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce sukarin da ake ƙarawa kada ya kai kashi 10 cikin 100 na ƙarfin abincin yini, wato kimanin giram 50 ga babban mutum, in da hali ma a tsaya a 25. Wannan ga mai cikakken tumbi ke nan. Gwamnatin Najeriya ta ɗora harajin naira 10 a kan kowace lita ta lemon zaƙi a 2022, amma naira goma ba ta taɓa hana kowa sha ba.

Ƙiba tana iya dawowa, kuma an auna. A Suwidin an fara bibiyar mutum sama da 4,000 masu ƙiba tun 1987, rabinsu an yi musu tiyata. Rahoton da ya fito a 2007 ya nuna waɗanda aka karkatar wa hanya sun zubar da kashi 32 cikin 100 na nauyinsu a shekara ɗaya zuwa biyu na farko, bayan shekara 10 kuma ragin ya tsaya a kashi 25. Aikin yana da amfani mai ɗorewa, wannan gaskiya ne. Amma wannan matsakaicin lissafi ne, kuma mai wuni da kofi a hannu shi ne yake jan lissafin baya.

Sai maganar da aka fi ji a bakin masu kyakkyawar niyya: “Ai zuma ba sukari ba ce, magani ce.” Haka ake faɗa game da mazarƙwaila da dabino. Ba wanda yake musun darajar zuma a wurinmu, amma hanji ba ruwansa da daraja. Wajen kashi 80 cikin 100 na zuma sukari ne, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya a sahu ɗaya ta sa ta da sukarin shago da tataccen ruwan 'ya'yan itace. Mazarƙwaila ruwan rake ne da aka dafa ya daskare. Busasshen dabino, ɗan Agadas ne ko ɗan Makka, kusan kashi biyu cikin uku na nauyinsa sukari ne, sai dai shi yana da ɓawo da zare da suke rage masa gudu. Saboda haka ƙwaya ɗaya da aka tauna bayan an ci nama daban take da dabino goma da aka markaɗa cikin kunun aya. Wannan ya shafi azumi kai tsaye, domin buɗa-baki da dabino da zoɓo da kunu a kan cikin da ya wuni babu komai shi ne ainihin abin da ke tayar da matsalar can ta sama. Likitoci da yawa kan ce a ɗage azumi a watannin farko bayan aiki, kuma addini ya riga ya yi wa mara lafiya rangwame.

Cewa kwaɗayin zaƙi yana mutuwa bayan tiyata, rabinta gaskiya ce. A 1999 Masayasu Kojima da Kenji Kangawa a Japan suka gano sinadarin girelin mai tayar da yunwa, kuma mafi yawansa a saman tumbi ake yinsa, sashen da ake yankewa. Shi ya sa yunwa take kwanciya a watannin farko, wasu ma su ce zaƙi ya koma yana gundurarsu. Amma jiki yana sabawa, yunwa ta dawo. Kuma kwaɗayi ba a tumbi kaɗai yake kwana ba. Akwai na sabo, wanda yake tashi da zarar an idar da sallar isha'i an kunna talabijin. Akwai na damuwa da na rashin barci. Akwai kuma na ƙarya, wanda faɗuwar sukarin jini take haifarwa: an sha zaƙi da hantsi, da azahar jiki yana rawa yana neman wani.

Abin da yake aiki ba shi da armashi. A ci kaɗan-kaɗan sau biyar ko shida, kada a bari yunwa ta yi tsanani. A fara da mai gina jiki, ƙwai, kifi, kaza, wake, alala, awara, kindirmo ba sukari, kafin a taɓa tuwo ko shinkafa, don ana so a samu aƙalla giram 60 na furotin a yini. Kada a haɗa ci da sha, a bar rabin awa tsakani. In zaƙi ake so, a tauna gwaba ko yankin gwanda maimakon a tace ruwansu. Lemon da aka rubuta ba sukari yana iya rage zafin sauyi, amma mai iskar gas yana kumbura ciki, alewa mai sinadarin sobitol tana sa gudawa, kuma a 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada a dogara da kayan zaƙin da ake sa wa irin wannan lemo a madadin sukari wajen rage ƙiba.

A ganina mafi wuya ba a kicin yake ba, a gidan mutane yake. Lokacin Sallar Gani, ko ranar da aka kawo gara aka baje alkaki da nakiya da dubulan, uwar gida za ta tsaya a kanki da kofi: “Haba Yaya, ko kurɓi ɗaya ki yi, ko raina mana kika yi?” Da yawa suna ɓoye cewa an yi musu aikin, gudun a ce sun kasa haƙuri da halittarsu, sai su sha don kunya su je gida su kwanta. Ba dole ba ne a buɗe wa kowa sirri. “Likita ya hana ni, Hajiya, a ba ni ruwa” ta wadatar, ba a cika jayayya da ita ba. Amma mutum ɗaya a gida, miji ko mata ko babban ɗa, ya kamata ya san komai, har da abin da zai yi in jiki ya fara rawa.

Masu ciwon suga sukan ji an ce aikin yana warkar da shi kwata-kwata. Binciken da Philip Schauer ya jagoranta a asibitin Cleveland Clinic kan mutum 150, wanda aka buga a 2012, ya nuna tiyata ta fi magani kaɗai saukar da sukarin jini, wasu har sun ajiye magani. Lafawa ce, yana iya dawowa bayan shekaru. Kuma ci gaba da allurar insulin a tsohon ma'auni bayan aiki haɗari ne, kamar yadda ajiye ta ba da sanin likita ba haɗari ne.

Takardar sallama da aka bayar a Alƙahira ko Delhi, wadda ta faɗi irin aikin da aka yi, a adana ta, a kai wa likita a Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke Katsina ko na Malam Aminu Kano a buɗe fayil. Ana buƙatar gwajin jini a kai a kai don duba sinadarin ƙarfe da bitamin B12 da D, ƙwayoyin bitamin kuma shan su na tsawon rai ne. A sayi 'yar na'urar auna sukari, duk ranar da jiri ya zo a auna, a rubuta lambar da abin da aka ci da lokacin. In suma ta faru ko da sau ɗaya, ko amai ya ƙi tsayawa, ko ciwon ciki mai tsanani ya zo da zazzaɓi, ranar za a tafi asibiti, ba sai gari ya waye ba.