Ko Kun Sani? Ƙurar Hunturu Daga Chadi Take Tasowa

Ƙurar da matan Gyaɗi-Gyaɗi da Tarauni ke sharewa safe da yamma a Disamba da Janairu, mafi yawanta ba ta Kano ba ce. Daga Bodele take tasowa, wani busasshen kwari a arewacin Chadi wanda ya fi ko'ina a duniya fitar da ƙura. Iskar arewa maso gabas ce ke kwaso ta, ta zo da jaura, har sanyin asuba ya sauka kusan digiri 13 a ma'aunin Salshiyos.

Shi ya sa gidaje ke sauya tsari. A dama koko ko kunun tsamiya tun da duku-duku, dama lokacin nunar tsamiya ke nan, yara kuma a tura su layin mai ƙosai. Da hantsi uwar gida ta zauna a rana da kwarashi da zaren ulu tana saƙa wa jariri hula da safa, man kaɗe na gefenta saboda kaushi.

Sai dai a kula da kurfoti in an kunna shi don jin ɗumi. Gawayin da ke ci a rufaffen ɗaki yana fitar da iskar guba marar wari, tana kashe mutum cikin barci. A fitar da shi tsakar gida kafin a kwanta.