Bayani a kan Awon Ruwa da Nauyinsa

Amma bayan haka, ka sani ya kai ɗalibi, awo iri biyu ne. Akwai awon cikawa, shi ne kaili, kamar mudu da kwalba da lita. Akwai awon nauyi, shi ne wazani, kamar giram da kilo. Na rubuta wannan domin mutane suna gama su, har wani ya ci haƙƙin wani bai sani ba.

Fasali na farko. A shekara ta 1795 mutanen Faransa suka kafa giram bisa nauyin ruwa. Saboda haka lita 1 ta ruwa tsarkakakke mai sanyi nauyinta kilo 1 ne, wato giram 1000, mililita 1 kuwa giram 1. Wannan daidaito na ruwa ne shi kaɗai, kada ka yi ƙiyasin waninsa a kansa.

Fasali na biyu. Kowane abu mai gudana yana da nauyin litarsa. Ka hardace waɗannan, bisa kusantarwa: zuma giram 1400, madarar shanu giram 1030, man gyaɗa giram 920, kananzir giram 800. Idan aka ce maka, ai man gyaɗa ya fi ruwa kauri, yaya zai kasa shi nauyi? Ka ce: kauri daban, nauyi daban. Zuba mai a ƙwaryar ruwa, za ka ga ya taso sama, zuma kuwa ta nutse ƙasa. Wannan ya ishe ka hujja.

Fasali na uku, shi ne ƙa'ida. In kana da lita kana neman nauyi, riɓanya adadin litar da nauyin lita guda. In kana da nauyi kana neman lita, raba shi da nauyin lita guda. Misali: jarka mai lita 25 ta man gyaɗa, 25 sau 920 ya ba da giram 23,000, kilo 23 ke nan. Wanda ya sayar da ita da sunan kilo 25 ya tauye wa mai saye kilo 2. Misali na biyu: zuma kilo 7, raba 7000 da 1400, ya ba da lita 5. Wanda ya karɓi lita 7 a madadin kilo 7 ya cuci mai zuma da lita 2.

Tanbihi. Ka fara auna jarka tana wofi, ka fitar da nauyinta daga jimla. Kuma zafi yana buɗa mai ya ƙara cika mazubi, alhali nauyinsa bai ƙaru ba. Saboda haka nake cewa, in ciniki ya yi girma, sikeli ya fi kwalba aminci. Ku ambaci irin awon tun wurin ƙulla ciniki, kaili ne ko wazani, sai husuma ta kau.

Tamat.